Gorunan Ƙetare Komadugu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga kakarka Cima, a Birnin Damagaram, zuwa ga Maigidana, wanda ya yi yaji ya bar ni tsaye da ƙwaryar fura a hannu. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina tambayar lafiyarka, da ta jakunanka, da ta madugunku da duk wanda ke cikin ayari. Allah ya sa takardar nan ta tarar da ku a Mirriya ba ku ɗaure kaya ba tukuna. Barira mai daddawa na ba wa, tunda za ta kasuwa. In ta tsare ka da surutu ka yi haƙuri, ladan aikenta ke nan.

Kada ka yi wa rubutuna dariya. Ni ma na ga layin yana hawa tudu yana gangarowa kamar hanyar Tirmini. Ban yi nisa a allo ba, ka sani. Amma na ƙi kiran kowa ya rubuta mini, domin kunnen mutane ne ya kai mu inda muke, ni da kai. Sunanka ma ba za ka gani a ciki ba. Sunan kakanka ne. Ban faɗe shi da baki ba yana raye, ba zan fara da tawada ba yana kabari.

Bayan haka, ka san abin da ya faru shekaranjiya a ƙofar gida, amma bari in faɗa maka yadda na gan shi daga inda nake zaune. Abokanka sun taru suna yi maka sallama, kai kuma kana ta shafa ɗan gemun nan naka da ba a ganinsa sai an matso kusa. Bakina ya yi ƙaiƙayi. Na ce, "Wai wannan ne za shi Kukawa? Wanda ya faɗa kududdufin bayan gida yana yaro, ruwa iya gwiwa, ya yi ta kururuwa har maza suka fito da sanduna suna zaton kura ce?" Aka fashe da dariya. Ɗan-Jimma, wanda uwarsa ba ta koya masa rufe baki ba, ya ce, "Kaka, kwantar da hankalinki. In mun kai Komadugu, a kan goruna za mu ɗaure miki shi, mu tura kamar tsohuwa da kayan miyarta." Sai ka miƙe, idonka ya kaɗa ya yi ja. Ka ce, "Wallahi tallahi ba zan taɓa gora ba. Da ƙafata zan ƙetare ruwan nan." Ka juya ka tafi, ko furar ba ka duba ba.

Wasan kaka da jika ne, tun kana goye muke yin sa. Sai dai a cikin gida ya kamata in yi shi, ba a gaban samari ba. Wannan nawa ne, na ɗauka. Amma rantsuwar nan taka ita ta hana ni sakat, domin ni na shiga ruwan da ka rantse a kansa, kai kuwa labarinsa kawai ka ji.

Na san lissafin da kake yi a zuci, don lissafin kowane ɗan Damagaram ne. Kana cewa damina ta wuce, an yi kaka, tafkunan gari sun ja baya har yara na wasa a taɓonsu, to kogi ma ya sauka, bai wuce ƙugu ba. Mu mutanen dutse da rijiya ne, duk ruwan da muka sani wanda ya sauko a kanmu ne. Komadugu ba haka take ba. Ruwanta daga nesa yake tahowa, daga can wajen ƙasar Kano, yana tafe a hankali yana cika fadamu a hanya. Lokacin da tafkinmu ke bushewa, lokacin ne ita take kai maƙura. Za ku isa bakinta tana cike. Haka muka same ta ni da kakanka, kuma da irin lissafinka na je.

Bari in ba ka tafiyar tun daga ƙofar gida, don wautata ba a bakin ruwa ta fara ba.

Shekarar da aka kai ni ɗakinsa ne, ba a haifi ubanka ba. Na nace sai na bi shi Kukawa. Ya gaji ya yarda, har ya ware mini jaki guda ya ce in ɗaura masa kaya da kaina, tunda na ce ni ma zan iya fatauci. Waga biyu ya ba ni, buhunan fatar nan da ake rataya wa jaki dama da hagu. A ɗaya na jera turkudi, baƙin yadin nan mai sheƙi, an ninke an danne, ɗan ƙulli ne a ido. A ɗayar na zuba kayana, su ƙore da faifai da tabarma da tukunyar miya, suka yi tsiri kamar rumbu. Na ja baya na duba, na ce gefen turkudi ya yi ƙanƙanta, sai na ɗauko ɗan dutsena na niƙa na ƙara masa. Ba mu wuce duwatsun bayan gari ba kayan ya juye ya koma ƙarƙashin cikin jaki. Ƙorena suka bazu a hanya, jakin ya tsaya yana kallona kamar zai yi magana.

Kakanka ya zo yana danne dariya. Ya ce, "Cima, jaki ba shi da ido a gadon baya. Bai san babba da ƙarami ba, nauyi kawai ya sani. Ɗaga ki ji."

Na ɗaga wannan, na ɗaga wancan. Gefen turkudi ya rinjayi ɗayan da kamar nauyin dutsen. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na cire dutsen na cusa shi cikin ƙore. Muka ɗaura, muka ɗan taɓa tafiya, kaya ya sake juyewa, wannan karon ta ɗaya gefen. Na ce jakin nan maye ne.

Ya ce, "Ba maye ba ne. Abin da kika cire nan kika sa can, aiki biyu ya yi. Ya rage wa wannan, ya ƙara wa wancan. In bambancin dutse guda ne, rabin dutse ake matsarwa. Tunda dutse ba ya rabuwa, ga wurinsa." Ya ɗora shi a tsakiya, bisa akumari, ya ɗaure. Har muka kai zango kayan bai motsa ba. Ashe tun farko daidai suke, idona ne ya shiga tsakani.

To, Maigida, kada ka amince wa ido wajen ɗaurin kaya. Kafin ka aza wa jaki, rataya su biyun a reshen itace da igiya ɗaya, ka ga wanda zai sauka. In kaya ya ɗan karkata da safe ka ƙyale shi, kafin la'asar ya goge wa dabba baya ya yi miki. Kuma ka duba kanka da kyau. Na tsokane ka, ka ɗan karkata, gaskiya ne. Amma kai sai ka ɗauki dutsen gaba ɗaya ka jefa ɗaya gefen. Tsakanin "ba na tsoron ruwa" da "ba zan taɓa gora ba" akwai fili mai faɗi, kai kuwa tsallake shi ka yi.

Da muka shiga ƙasar Mangawa, akwai zangon da rijiyarsa ke da nisa. Ni da shi muke ɗauko salka cike, a rataye jikin sanda, ni a gaba shi a baya. Na ji kayan ba nauyi. Na dawo ina cika wa matan ayari baki, ina cewa ashe ƙarfin maza suna ne kawai, ga shi ni ko numfashina bai sauya ba, shi kuwa gumi har gemu. Matar madugu, wata doguwa mai taba a baki, ta bar ni na gama. Ta ce, "Amarya, in kun sake ɗaukowa, ki waiga ki ga inda igiyar take." Na waiga. Ashe da zarar na ba shi baya sai ya janye salkar zuwa wajensa, har tana bugun gwiwarsa. Sanda ɗaya, kaya ɗaya, amma wanda kayan ya fi kusa da shi, shi ke ɗauke da mafi yawa. Ban ce masa na gani ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Na dai daina cika baki, na ɗan lokaci.

A ayari haka ake tafiya. Za a janye maka igiya ba ka sani ba, kai ma ka janye wa wani. Ban taɓa ganin wanda ya kai Kukawa da ƙarfinsa shi kaɗai ba, ko da ya dawo yana faɗin haka a ƙofar gida.

Da sassafe muka gangara bakin Komadugu, iska ba ta tashi ba. Abin da ya fara ruɗa ni kunne ne. Akwai ƙauye a ɗaya gaɓar, ina jin muryoyinsu tar. Wata na kiran ɗanta, zakara na cara, duk kamar daga bayan dangarmu. Na ce, "Wannan ne ruwan da ake ta ba mu tsoro da shi? Ai in na yi tari za su ce mini sannu."

Kakanka ya matso kusa da ni. Ya kama kafaɗata ya juya ni wajen wata mata da ke daka a can ƙetare. Ya ce, "Dubi taɓaryarta, ki saurara."

Na duba. Taɓarya ta sauka cikin turmi, shiru. Sai da ta ɗaga ta sama, sannan na ji tim. Ta sake saukewa, shiru. Ta ɗaga, tim. Kamar matar iska take daka. Na fara karanta abin da na iya, na ce aljana ce.

Ya ce, "Mutum ce kamarki. Ƙara tafiya take yi, Cima, kamar yadda muke yi. Ido yana isa nan take, ita kuwa sai ta taka. In kin ga hannu ya sauka kin ji ƙara tare, abin kusa yake. In ƙarar ta makara, gwargwadon makararta gwargwadon nisan."

Kai ma ka san wannan, lura ce ba ka yi ba. Ranar Salla in aka buga igwar Sarki, ku da kuke hawa dutse can a unguwar Zango hayaƙi kuke fara gani, sannan ƙarar ta zo ta daki ƙirjinku. Mu da ke gindin ganuwa kuwa tare suke zo mana. Igwar ɗaya ce. Ruwa kwance da safe yana ɗaukar murya ya kai ta nesa ba ta lalace ba, shi ya sa na ƙetare ke zama kamar maƙwabci. Don haka in ka tsaya a bakinta, kada ka auna faɗinta da kunne kaɗai. Nemi mai daka ko mai saran itace a can, ka haɗa ido da kunne, su biyun za su gaya maka gaskiya.

Maza suka fara ƙetarewa da jakuna, ana ja ana turawa, jakuna na kuka kamar za a yanka su. Kakanka yana cikinsu. Kafin a zo kan mata rana ta ɗaga, iska ta taso daga bayanmu. Ina hangen sa a can yana ɗaga hannu, bakinsa a buɗe, amma ko kalma ɗaya ba ta iso ba. Muryar da ɗazu ke ƙetarowa a sauƙaƙe, yanzu iska ta mayar da ita. Daga baya na ji abin da yake faɗa. Cewa yake in cire mundayen ƙafata.

Mai fiton da ya zo gare ni wani dattijo ne daga cikin Mangawa, Hausarsa ba ta da yawa. Kayan aikinsa goruna biyu ne manya, an toshe bakinsu, an haɗa su da sanda. Mutum zai rungumi sandar a tsakiya, ƙirji a kanta, sauran jiki cikin ruwa, shi kuma yana iyo a baya yana turawa. Tufafi da ƙananan kaya a cikin wata babbar ƙwarya suke tafiya, ana tura ta gaba. Ya nuna mundayena na tagulla, ya nuna ƙwaryar. Na ƙi. Na aure ne, kuma na ce a raina, in ƙwaryar ta kife fa? Ya taɓe baki, muka shiga.

Ba mu yi nisa ba ƙasa ta ɓace daga ƙarƙashin ƙafata. Maigida, ban san yadda zan kwatanta maka wannan ba. Tun da ka fara tafiya, in ka miƙa ƙafa akwai abin da ke amsa maka. A nan ka miƙa, babu. Ruwan kuma ba tsaye yake ba kamar na tafki. Jan ka yake gefe, da sanyi, da ƙarfi, kamar ana fizgar zane a jikinka. Mundayen suka zama kamar hannu biyu sun riƙe ni ta ƙasa.

Sai na yi abin da duk mai tsoro ke yi, na nemi sama. Na saki tsakiyar sanda na rarumi gora guda, ina so in hau kansa in fita daga ruwan gaba ɗaya. Ina hawa yana nutsewa. Ɗan'uwansa ya tashi sama, sandar ta juya, na tafi ƙasa da kai. Na buɗe baki na ƙwala ihu, ihun ya fita kumfa, tare da iskar da ke riƙe da ni. A ƙarƙashin ruwa duk hayaniyar mutane ta ɗauke ɗif. Abin da nake ji kawai mundayena suna bugun juna, ƙarar a cikin kaina take, kamar na shiga maƙera.

Ta kitso dattijon ya cafko ni. Ya mayar da hannuwana kan sanda, daidai tsakiya. Ina tari ina ƙoƙarin sake hawa, sai ya dafa kafaɗata ya danna ni ƙasa. Ya ce, "Sauka! Sauka, yarinya!" Na ce a raina mutumin nan kashe ni zai yi. Ya danna har ruwa ya kawo mini haɓa. Sannan ya ja dogon numfashi ya riƙe, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna gora, wato in yi yadda ya yi. Na yi. Sai na ji abin mamaki. Gorunan suka daina rawa. Jikina ya yi sakayau kamar ba nawa ba. Ruwan da nake gudu shi ne ya ɗauke ni, goruna kaina kawai suke tallafe. Haka muka tafi, yana turawa, ina shan iska ta hanci, har gwiwata ta taɓa yashi, can ƙasa da inda muka nufa, domin ruwa ya gangara da mu.

Na yi zaton kakanka zai yi dariya, tunda ya yi a kan jaki. Ya taho da gudu ta bakin gaɓa. Da ya ga na miƙe, sai ya zauna daɓas a cikin taɓo. Da hannunsa ya cire mini mundayen.

Na daɗe ina juya abin nan a raina, a bakin rijiya na gane shi. Ka san guga. Muddin yana cikin ruwa, da yatsa biyu za ka ja shi. Yana fitowa sai ya zama kaya, sai ka kafa ƙafa. Ruwa ba ya son a ture shi daga wurinsa. Gwargwadon wurin da ka ƙwace masa, gwargwadon yadda yake tunkuɗo ka sama. Danna buta marar komai cikin randa ka ji yadda za ta yi kokawa da hannunka. Shi ya sa allura ke nutsewa, ga ta ba nauyi, ƙwarya kuwa ta ɗauki tukunya da tufafi ta yi ta yawonta. Allura ba ta ture komai ba, ƙwarya ta ture da yawa. Mundayen da suka so kai ni ƙasa suna ƙafa, da a ƙwarya suke, da sun ƙetare ko jiƙewa ba su yi ba. Kuma duk gaɓar jikinka da ka fitar sama, ruwa ya janye hannunsa daga gare ta, nauyinta ya koma kan gora.

Saboda haka ga abin da nake so ka riƙe. Ka tuɓe babbar riga da takobi da ɗamarar layun nan da uwarka ta ɗaura maka, su bi ƙwarya. Malamin da ya rubuta layun bai ce a nutse da su ba. Ka shiga sama da inda kake son fita, kada ka yi gardama da jan ruwa. Ku shirya alamar hannu tun a tudu, don murya ba abin dogara ba ce a can. Ka riƙe tsakiyar sanda. In tsoro ya zo, zai zo kuwa, ka sauka har haɓa, ka cika ƙirji, ka rufe baki. Ƙirjinka gora ne na uku, kada ka zubar da iskarsa wajen ihu.

Kuma ka sani, mai sunanka ya yi ta zuwa Kukawa har gemunsa ya yi fari, bai taɓa shiga ruwan nan ba gora ba. Mutanen da aka haifa a bakinta, masu iyo kamar kifi, su ne suka fara haɗa gorunan. Ɗan-Jimma da ke yi maka dariya, ka zuba masa ido ranar. In bai rungumi sanda kamar ya ga uwarsa ba, ka dawo ka aske mini kai.

Saura rantsuwa. Na san ka, ba za ka so yin wasa da sunan Allah ba, ni ma ban ce ka yi ba. Jiya na je wurin liman. Na tarar yana feƙe alƙalami, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, in yaro ya rantse zai yi wauta, wautar ce ta wajaba a kansa ko akwai wata ƙofa?"

Ya ce, "Wane yaron?"

Na ce, "Wani ne. Mijina."

Ya yi murmushi. Ya ce wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya bar shi ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Na ce in kakarsa ce ta jawo, tana iya ciyarwa a madadinsa? Ya ce tana iyawa, amma sai da yardarsa, don rantsuwar tasa ce.

Na ce, "Malam, ba a iya yi masa a ɓoye, kamar yadda ake ba yaro magani a cikin fura?"

Ya ce, "Cima, tashi ki tafi."

To ga shi nan. Geron na auna na ware, yana cikin ɗakina, amma ba ni da ikon taɓa shi sai ka ce to. Kalma ɗaya ce. Ka faɗa wa Barira a kunne, ba sai abokanka sun ji ba. In ta dawo mini da ita, kafin ku yi nisa miskinai sun ci sun yi maka addu'a, ka isa bakin ruwa ba komai a wuyanka.

Za ka ga Barira ta sauke maka goruna biyu daga kan jakinta. Wajen wani mutumin ƙasar Mangawa na samo su a kasuwa. Na ƙwanƙwasa kowanne na saurari amonsa, don mai tsaga ba ya amsawa da daɗi. Na san masu fito suna da nasu, amma nasu kana iya kau da kai ka wuce, waɗannan kuwa a bisa jakinka za su kwana su tashi suna kallonka. Kuma na gwada su. E, da kaina. Na je ramin nan mai zurfi na bayan ganuwa, inda ake ɗiban ƙasar gini, na rungumi sanda na sauka har haɓa. Mata masu wanki suka saki wanki suna tafa hannu, suna cewa Cima ta haukace. Yanzu a unguwar nan ni ake yi wa dariya, an manta da kai. Sun ɗauke ni, ni da ƙibata. Kai da ba ka fi karan dawa ba, biyunka za su ɗauka.

Amma ka ji da kyau, ba kyauta ba ce. Aro ne. Ina son kayana, kuma ba zan karɓa daga hannun madugu ba, ko Ɗan-Jimma, ko wani da zai shigo mini da kai a sunkuye yana neman ta inda zai fara magana. Wanda na ara wa shi zai kawo su, ya yi sallama da muryarsa, ya ajiye a gabana, in juya su in ga ko ya fasa mini.

Uwarka ba ta ce komai ba, ka san kunyar ɗan fari. Amma tun da ka tafi sau nawa na gan ta ta fito ƙofa, wai kaza take nema.

Allah ya kiyaye hanya, ya sauƙaƙa zango, ya tsare ka daga sharrin daji da na ruwa da na bakin tsofaffi. Allah ya ba jakunanka ƙarfin baya, ya sa albarka a abin da ka ɗauka, ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙetare, ya maido ka cikin danginka lafiya. Ka gaida madugu, ka ce na ba shi amana.

Ni ina nan ƙofar gida, gero na ɗaki, ina jiran Barira.

Wassalam. Kakarka, Cima.